Kwana Tara da Fitila Ta Mutu

Sixten Norell ya shekara talatin da huɗu yana gyaran na'urori a sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar garinsu, a Sweden. Ba shi da digiri ko ɗaya. Makarantar koyon sana'a ya yi, ya fito da sanin lantarki da walda, shi ke nan. Amma duk wanda ya zama dakta a wannan bene, da abin da hannun Sixten ya ƙera ya zama.

Abin da ya fi ji da shi shi ne akwatin fitila. Na ƙarfe ne, girman firji, yana ɗakin ƙasa. A cikinsa akwai fitila mai ƙarfin rana tsaka. Masu bincike suna shafa wani sabon baƙin sinadari a kan 'yan gilasai ƙanana kamar kan sarkin da ake manna wa wasiƙa, gilasan su riƙa mai da haske wutar lantarki. Sinadarin yana da arha ƙwarai, sai dai ba ya jure rana. Kwana kaɗan ya koɗe, ya koma rawaya, ya daina aiki. Don haka duk wanda ya ce ya gyara shi sai ya sa gilasansa a akwatin Sixten, fitila ta gasa su awa dubu ba yankewa, sannan a auna ƙarfin da ya rage musu.

Gilasan Golnar sun fito da ƙarfinsu kusan duka. Golnar Esfandi 'yar Iran ce, shekararta talatin da uku, shekara biyar tana neman digirin dakta a ƙarƙashin Farfesa Pontus Lagerfelt. An buga sakamakon a babbar mujalla. Pontus ya yi ta hira da 'yan jarida, ya kafa kamfani, masu kuɗi daga Stockholm suka soma zarya da takalma masu sheƙi. Saura sati huɗu Golnar ta kare kundin digirinta a gaban alƙalai.

Ran uku ga Maris Sixten ya sauka ya canza ƙwan fitilar. A bayan akwatin akwai wata 'yar mita mai lambobi masu juyawa, wadda ya ciro daga wani tsohon janareta ya ɗaura tun da daɗewa. Ba ta motsi sai fitila tana ci. Ba mai kallonta sai shi, shi ma sai ranar canza ƙwai. Ya duba lambar. Ya duba takardar da masu amfani da akwatin suke rubuta ranar sa gilasai da ranar cirewa. Ya haɗa, ya sake haɗawa. Awa ɗari biyu da goma sha shida ba su nan.

Ya ɗaga waya ya kira Kent, mai kula da wutar ginin.

"Kent, Sixten ne. Bara kun ɗauke mana wuta a ɓangaren gabas?"

"Bara kuma? Haba tsoho, abin da na ci jiya ma ban tuna ba. Dakata." Aka ji ƙarar maɓallan kwamfuta. "Ga shi. Takwas ga Yuli zuwa sha bakwai. Mun canza babban allon wuta. Ai mun aika saƙo."

"Wa kuka aika wa?"

"Kowa da kowa."

"A watan Yuli."

"To yaushe kake so mu yi? Lokacin ne kaɗai ba kowa a ginin. Jan soket ba mu taɓa shi ba, yana kan layin gaggawa. Farin ne kawai ya mutu. Me ya faru, kifin wani ya ruɓe a firji?"

Sixten ya ajiye wayar. Ya durƙusa da ƙyar, ya bi igiyar akwatin da hannu har bango. Farin soket ne. Shi da kansa ya mai da filogin can, ranar da aka kawo sabuwar na'urar Pontus aka ce a ba ta jan. Ya ce zai ƙara wani jan soket, bai ƙara ba.

A Yuli ƙasar nan rufewa take yi. Daga farfesa har mai shara kowa yana bukkarsa ta katako a bakin tafki, ba mai buɗe saƙo. Sixten yana can yana shafa wa kwale-kwalensa fenti. Golnar ta so ta zauna kusa da gilasanta, amma ofishin ma'aikata ya ce kwanakin hutunta sun taru, dole ta ɗauka. Ta tafi Istanbul ta haɗu da uwarta. Fitila ta mutu kwana tara, wuta ta dawo, ta kama da kanta. Golnar ta dawo ta tarar da ita tana ci, ta ƙirga kwanaki a kalanda, ta rubuta awa dubu.

Ko ɗalibin shekarar farko ya san wannan sinadarin yana farfaɗowa idan ya huta cikin duhu. Gilasan ba su jure komai ba. Barci suka yi suka tashi.

Ya same ta a ɗakin gwaje-gwaje, hannayenta biyu cikin dogayen safar roba na wani akwatin gilashi da ake haɗa sinadarai a ciki.

"Fito da hannunki," in ji shi.

"Ina kwana ma babu, Sixten? Matarka tana haƙuri."

Ya miƙa mata takardar da lambobin. Ya yi mata bayani cikin jimla huɗu. Ta karanta sau biyu, ta jawo kujera ta zauna. 

"Babi na biyar ke nan gaba ɗaya," ta ce. "Da mujallar."

"A sake gwajin."

"Da wane gilashin? Waccan haɗawar ta ƙare. Haɗa sabuwa wata biyu, gasa ta a akwati sati shida. Izinin zamana ƙarshen Mayu zai ƙare. Aikin kamfanin Pontus ne zai sabunta mini shi, shi kuma sai da digirin." Ta shafa fuska. "Tashi mu je wurinsa."

Ita ta faɗa, ba shi ba. Sixten bai manta da wannan ba.

Ofishin Pontus yana hawa na huɗu. Mutum ne ɗan shekara hamsin mai jikin ɗan talatin, hular kekensa a kan tebur, kullum da murmushi. Nan ba mai ce masa Farfesa, kowa da sunansa ake kiransa, shi ma yana alfahari da hakan. Ya saurare su yana gyaɗa kai har suka gama.

"Madalla da ka gano wannan, Sixten. Gaskiya madalla. Irin idon da muke buƙata ke nan." Ya juya takardar a hannunsa. "Wannan mitar, daga ina take?"

"Daga janareta."

"An taɓa tantance ta? Akwai takarda?"

"Tana juyawa in fitila na ci. Tana tsayawa in ta mutu. Wace takarda?"

"Na gane, na gane. Ina nufin dai ba na'urar kimiyya ba ce."

"Kent yana da ranakun."

"Kent yana da ranakun da aka shirya. Ba mu san ko kowane soket ya mutu ba." Ya ajiye takardar. "Af, akwatin ba a jan soket yake ba? Wa ya mai da shi fari? Ba laifi nake nema ba, wallahi, so nake in fahimta."

"Ni ne."

"Yawwa. Awoyin kuma Golnar ce ta ƙirga. Kun ga, kowa yana kuskure." Ya juya ga Golnar, muryarsa ta ƙara laushi. "Ga abin da nake tsoro. Da zarar maganar nan ta je kwamitin ɗa'ar bincike, doka ta ce a dakatar da kare kundi. Bincikensu wata takwas, in an yi sa'a. Golnar, izininki yaushe zai ƙare?"

Ya sani. Shi ya sa hannu a takardar.

"Ƙarshen Mayu," ta ce.

"To kin gani. Ni ke nake tunani, ba kaina ba. Mu bar ki ki kare, ki shiga aiki, sai mu sake gwajin a natse. Na tabbata sakamakon zai fito kusan ɗaya. Mu zauna mu tattauna bayan hutun bikin Ista. Duk mun yarda?"

Sixten ya kalli murmushin Pontus. Da mutumin ya daka masa tsawa ya ce ya rufe baki, da ya fi masa. Ya tura ƙullin taba ƙarƙashin leɓensa, ya fita bai ce komai ba. A wannan bene, wanda ya yi shiru ya yarda ke nan.

Ƙarfe uku na ranar Laraba kowa ya taru a ɗakin shan kofi, kamar kullum, ko gini na cin wuta. Akwai burodin kirfa. Wata mata mai suna Lovisa ta zo daga sashen tattalin arziki da tarin takardu. Bincike take yi a kan baƙin haure da baƙin karatu, ko sun iya sarrafa kuɗi. Tana neman waɗanda ba a ƙasar aka haife su ba. Idonta ya wuce kowa ya tsaya a kan Golnar.

"Minti goma kawai," in ji Lovisa. "Amma fara karanta wannan ki sa hannu. Kwamitin ɗa'a ya amince da shi. Kina da 'yancin fasawa ko yaushe."

Shafi huɗu ne takardar izinin. Golnar ta sa hannu, ta buɗe tambayoyin, ta karanta ta farko da ƙarfi.

"'Idan kin ajiye krona ɗari a banki, ruwa biyu cikin ɗari a shekara, bayan shekara biyar za ki sami fiye da ɗari da biyu, ko ƙasa?'" Ta ɗago kai. "Lovisa, a ƙasarmu in ka ajiye kuɗi shekara biyar, sai ka dawo ka tarar ba su sayen jakar da ka zuba su. Uwata da ba ta gama sakandare ba tana canjin kuɗin ƙasa uku a ka kafin ki nemo biro."

"Kai, wannan abin sha'awa ne!" in ji Lovisa, tana rubutawa. "Ko za ki ce kina jin ba ki da tabbas game da tsarin bankinmu?"

"A'a."

"Akwai 'sosai', 'kaɗan', da 'wani lokaci'."

"Sa 'kaɗan'."

Kowa ya yi dariya mai ladabi. Sixten ya kalli shafi huɗun nan. Shafi huɗu kafin a tambayi mace mai lissafin motsin haske cikin gilashi ko ta san biyu cikin ɗari. Kwamitin da ya zauna ya tace wannan shi ne wanda ake tsorata ta da shi. Ya ajiye burodinsa rabi, ya zubar da kofin a wurin wanke-wanke.

Al'adar jami'a ce, sati uku kafin mutum ya kare kundinsa sai ya kafa shi da ƙusa a jikin wani katako da ke zauren shiga, don duk mai ja ya zo ya karanta. Kundi yana da kauri, ƙusa ba ta huda shi, don haka tun shekara talatin Sixten ne yake huda kusurwar da injin huda kafin biki. Safiyar Juma'a Golnar ta kawo nata ɗakin aikinsa.

Ya buɗe shafi na tamanin da huɗu kafin ya matse shi a maƙalin tebur. An rubuta: fitila ta ci awa dubu ba yankewa, a akwatin da S. Norell ya ƙera. Tunda yake ba a taɓa sa sunansa a tsakiyar littafi ba, sai a shafin godiya, tsakanin iyaye da kare.

"Na rubuta takardar gyara," in ji Golnar. "Wadda ake cusawa cikin kundi. Na sa waƙafin da ya ɓace a shafi na sha biyu, da sunan da na rubuta ba daidai ba, sannan na sa layi ɗaya a kan awoyin. Pontus ya soke layin. Wai takardar gyara ta kurakuran rubutu ce."

Sixten ya sauke injin. Garin takarda ya zubo. Ya busa ramin.

Ta rufe ƙofa. "Sixten, ka san ƙarshen kare kundi, lokacin da shugabar zama take cewa ko akwai mai tambaya cikin 'yan kallo?"

"Na ga ɗari da wani abu. Sau ɗaya wani kawu ya tashi ya ce yaron yana da ƙoƙari tun yana ƙarami."

"In na kai maganar da kaina kafin ranar, dakatarwa ce, wata takwas, ina Tehran kafin su buɗe fayil. In aka tambaye ni a zauren, alƙalan nan uku ne za su yanke, a ranar, kafin su ci abinci. In aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba."

"In suka kayar da ke fa?"

"Ka taɓa ganin an kayar da wani?"

"Ban taɓa ganin an yi tambayar ba."

"To." Ta karɓi kundin, ta sa ɗan yatsa a ramin. "Ba na barci, Sixten. Wani yaro a Indiya ya rubuto mini, wata uku yana haɗa sinadarina, nasa yana mutuwa a awa ɗari shida, yana tambayata ina ya yi kuskure. Ban ba shi amsa ba." Ta kalle shi. "Za ka faɗi maganar soket a gaban mutane. Ka iya?"

"Ni na sa shi."

"Kuma kar ka tambaye ni da tausayi. Yi wannan fuskar taka ta kullum, ta wanda aka ari gudumarsa ba a mayar ba."

Da rana ta kafa kundin. Bugu shida ƙusar ta shiga, aka yi tafi, Pontus ya ɗauki hoto. Sati uku yana rataye a zauren. Sixten yana wucewa ta nan sau huɗu a rana. Bai ga mutum ɗaya ya ɗaga bangon ba.

Ranar kare kundi zauren ya cika rabi. Sixten ya sa kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar yayansa, ya zauna a layin ƙarshe. An ɗauko wani farfesa daga Jamus don ya yi wa Golnar tambayoyi, dogo, mai ɗan gemu. Alƙalai uku suna gaba. Masu takalma masu sheƙi su biyu suna bayan Pontus. Da Turanci ake yi, Sixten yana tsintar kalma ɗaya cikin uku. Awa biyu Bajamushen yana tambaya, Golnar tana amsawa. Da ya zo babi na biyar sai ya ce sakamako ne mai ban mamaki, ya tambayi zafin akwatin, ya tambayi danshi. Bai tambayi fitila ba. Ba mai tambayar fitila.

Shugabar zaman, wata tsohuwar farfesa mai suna Gunnel, ta duba agogo. Ta ce ko akwai tambaya daga 'yan kallo, hannunta har ya soma tattara takardu.

Sixten ya miƙe. Gwiwarsa ta yi ƙara. Ya yi magana da harshensu, don Turancinsa bai kai ba.

"Awa nawa fitilar ta ci a kan gilasan babi na biyar?"

Kawuna suka juyo. Gunnel ta yi murmushin da ake yi wa tsohon da ya ɓata hanya. Ta ce wa baƙin da Turanci, ma'aikacinmu ne, yana son jin bayani a kan yadda fitilar take aiki.

"Ba haka ya tambaya ba," in ji Golnar. Ta maimaita tambayar da Turanci yadda take. Sannan ta amsa. Awa ɗari bakwai da tamanin da huɗu. An ɗauke wuta kwana tara a tsakiya, gilasan sun huta cikin duhu. Ita ta ƙirga daga kalanda, ba ta duba mita ba. Abin da ke shafi na tamanin da huɗu ba gaskiya ba ne, kuma ba za a iya cewa sinadarin ya jure awa dubu ba. 

"Filogin ni na sa shi a farin soket," in ji Sixten. Wannan ba wanda ya fassara.

Wani ya yi tari. Kowa ya sami abin kallo a kan takalminsa.

Bajamushen ya cire tabarau. "Yaushe kika san wannan?"

"Uku ga Maris."

"Mai kula da aikinki ya sani?"

Kafin ta buɗe baki Pontus ya miƙe, yana gyara maɓallin kwat. Ya ce ya ji daɗi ƙwarai da wannan maganar ta fito. Ya ce dama suna cikin shirya wasiƙar gyara zuwa mujalla. Ya ce abin da yake alfahari da shi a rukuninsa shi ne kowa, daga farfesa har ma'aikaci, yana da bakin magana. Ya juya ya nuna Sixten da tafin hannu kamar mai gabatar da baƙo. Sixten bai gane kalmomin duka ba. Hannun kawai ya ishe shi. Ya koma ya zauna.

Golnar ta kalli Pontus, ta kalli alƙalan. Ba ta ƙaryata shi ba. Sixten bai ga laifinta ba. Tambayar da shi ya yi mata dai, ta amsa.

Alƙalai suka shiga ɗaki. Yawanci minti ashirin suke yi, su sha kofi su sa hannu. Ran nan awa biyu da rabi suka yi. Jama'a suna tsaye a baranda, lemon kwalba yana hucewa a kofunan roba, kek irin na ƙasar, na burodi da kifi da ƙwai, yana zufa a kan tebur. Ba wanda ya yi wa Sixten faɗa. Ba wanda ya harare shi. Kawai dai duk inda ya tsaya sai wurin ya yi fili, mutane su tuna suna da magana da wani a can gefe. Masu takalma masu sheƙi suka ce jirgin ƙasa zai bar su. Golnar tana zaune a kan matakala da furanni a cinya, ba ta ko kallonsu.

Ƙarfe huɗu saura Gunnel ta fito da takarda. An amince da kundin. Da sharaɗin a gyara babi na biyar, a rubuta wa mujalla cikin wata ɗaya. Biyu sun yarda, ɗaya ya ƙi. Aka yi tafi marar ƙarfi. Golnar ta sa fuska cikin furannin, kafaɗunta suna motsi.

Pontus ya ɗaga kofi ya yi jawabi a kan gaskiya a kimiyya. Minti shida. Da ya gama ya ratso mutane ya zo wurin Sixten, ya miƙo hannu.

"Ba ƙulli a zuci, ko Sixten? Da dai ka faɗa mini tun da safe, da mun shirya shi tare."

Sixten ya kalli hannun. "Hannuna da maiko," ya ce. Ya sa su a aljihu.

Golnar ta same shi a bakin ƙofa yana sa hula.

"Fuskar ta yi," ta ce. "Har ni na tsorata."

"Dakta."

"Kar ka fara. Zo ka ci kek."

"Ya lalace."

Bayan Ista aka yi taron da Pontus ya ce. Ba a tattauna fitila ba. An sanar cewa daga yau ba za a ƙara amfani da na'urar da aka ƙera a gida ba sai mai takardar kamfani, kuma an yi odar sabon akwati daga waje. Aka roƙi Sixten ya kwance nasa kafin ƙarshen wata. Kowa ya yarda. A wannan makon kamfanin Pontus ya rubuta wa Golnar cewa suna sake tsari, gurbin da aka yi mata alkawari babu shi yanzu, suna yi mata fatan alheri. Ta aika takardun neman aiki arba'in. Saura kwana goma sha ɗaya izininta ya ƙare wata masana'antar batir a can arewa ta ɗauke ta, aikin duba ingancin kaya, wanda mai digirin farko zai iya. Ta karɓa.

Gyaran ya fito a mujallar da kaka. Layi shida ne, da ƙananan haruffa. An ce kuskuren ma'aikaci ne ya jawo. Takardar tallar kamfanin kuwa ba a taɓa ta ba.

Saura wa Sixten shekara ɗaya da rabi ya yi ritaya. Ya hau ofishin ma'aikata ya ce a ba shi takardar barin aiki. Wata budurwa mai fara'a ta ba shi, ta nuna masa inda zai zaɓi dalili: lafiya, iyali, sabon aiki, ko wani abu dabam. Ya ɗauki biro ya rubuta kalma ɗaya a gefe da manyan haruffa. Ƙyama.

"Ayya, babu wannan a jerin," ta ce. "Kwamfuta ba za ta karɓa ba. In sa maka 'wani abu dabam'?"

"Bar shi yadda na rubuta."

"Za mu yi maka ɗan biki, ai ka daɗe. Wane irin kek kake so?"

Ya ajiye mata makullai goma sha huɗu a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin ƙofar da kowanne yake buɗewa. Ta soma rubutawa, a na shida ta rikice. Bai maimaita ba.